Hular Kawu da Bugu Biyu

Ni fa ban ce a sa ni ba. Ina zaune gindin darbejiya ina cin gyaɗata, sai ga Kawu bisa mashin. "Hau, kai ne alƙali yau." Dalili kuwa ni kaɗai ke da waya mai data a gidanmu. Cewa karatuna aji uku ya tsaya bai dame shi ba.

Kawu ƙanen innata ne. Ya daɗe birni shina ɗaukar ma manya jakar wasan golf. Da ya dawo Tambuwal, abin da ya kawo muna sanduna uku ne, da ƙwallo biyu, da wata farar hula hana-sallah. Duk garin mutum guda ya samu da ya yarda ya koyi wasan, wani tsohon hedimasta maƙwabcinmu da ake ce ma Malam. Sun yi sharaɗi: wanda ya ci shi ka sa hular zuwa kasuwar Dogon Daji. Hular nan ba ta taɓa barin kan Kawu ba, ko wanka zai yi sai ya rataye ta inda zai riƙa hangenta.

Filin nasu busasshen rafi ne kan hanyar Kebbe. Kawu ya ce a birni ramin rairayi ake ginawa don a wahal da ɗan wasa. Nan kuwa duk filin rairayi ne, sai gwangwanin tumatir da sunka binne a matsayin rami. Wanda ya sa ƙwallonshi ciki da ƙarancin bugu, shi ya ci.

Munka kai ramin ƙarshe suna kunnen doki. Malam ya gama da bugu biyar. Kawu na kan na fuɗu, ƙwallonshi ta nutse cikin sawun saniya. Ya ware ƙafa, ya yi bisimilla, ya zabga. Rairayi har bakina. Ƙwallon ta taso a kasale iya gwiwa, sandar na tahowa ta sake samunta, ƙwas! Ta gangara ta faɗa gwangwani.

"Fuɗu!" in ji Kawu, ya dafe hula.

"Biyu na ji da kunnena," in ji Malam. "Biyar ke nan, ga tarar bugu guda, shida. Miƙo hula."

"Malam, hannuna sau nawa ya tashi?"

"Ba hannunka nika ƙirgawa ba. Kai alƙali, duba muna."

Sai da na hau tudu na ɗaga waya sama kafin sabis ya zo. Turancin dokar wasan ya fi ƙarfina, amma na tsinci abin da na tsinta: dā ana cin tara in sanda ta samu ƙwallo sau biyu, yanzu an canza. In ba da gangan ba ne, bugu guda ne.

Malam bai girgiza ba. Ya gyara tabarau. "To ai magana ta koma ga niyya. Wa ya shiga zuciyatai? Ni na ga ya lanƙwasa hannu. Da gangan ya yi."

Kawu ya fara rantse-rantse, gumi na bin hular. Ya dube ni irin kallon da ke cewa ka tuna wa zai mai da kai gida.

Na tofar da sauran rairayi na ce, "Malam, don Allah dubi Kawu da kyau. Mutumin da tun safe bai samu ƙwallon ga sau guda da gangan ba, shi ne zai same ta sau biyu?"