Fure Mai Ganye Biyar

Shekara arba'in Nabawiyya ta yi tana saƙa rigunan jarirai a lungunmu na garin Mahalla, bayan masaƙar auduga. Duk wanda aka haifa tsakanin gidan burodi da masallacin kan kwana, cikin rigarta aka kwantar da shi a rariyar tankaɗe ranar suna bisa al'adarmu, aka buga turmin tagulla kusa da kunnensa, aka watsa gishiri. Mijinta ya rasu tana da shekara ashirin da shida, ƙurar auduga ce ta cinye masa huhu. Ya bar mata 'ya ɗaya, Tahani. Da kwarashi guda na ƙarfe ta ciyar da yarinyar nan har ta aurar da ita.

Ba zan ce mace ce mai daɗin zama ba. Idan kika kai mata zare mai arha, sai ta murza shi da yatsu biyu ta ce, "Wannan na ɗaure bakin buhu ne, 'yar'uwa, ba na jikin jariri ba." Takan warware aikin kwana uku saboda ƙulli ɗaya da ya karkace. Kuskure ɗaya tak take bari, shi ma da gangan. Goggonta da ta koya mata saƙa ta ce kada ta taɓa gama abu ba aibu, don mugun ido ya fi son abin da ya cika. Saboda haka duk furannin rigarta ganye shida-shida ne, ban da guda ɗaya da take ɓoyewa a hammatar hagu, mai ganye biyar. Ko Tahani ba ta san da shi ba.

Da Tahani ta haifi ɗanta na fari, Nabawiyya ta yi masa rigar da lungu ya kwana biyu yana zancenta, fara tas, kamar kumfar madara. Kwanansa goma sha shida ya koma. Ta biyu mace ce, ita ma ta sa tata rigar, ba ta yi arba'in ba. Na uku ko suna bai kai ba, rigarsa na rataye a ƙusa aka fita da shi. Likita ya yi bayani kan zuciyar yaran, amma matan lungunmu sun fi likita sani, kamar kullum. Ba wadda ta faɗa wa Nabawiyya komai a fuska. Sai dai ta lura idan ta shigo gidan makoki, zance yakan tsaya.

Da ciki na huɗu ya yi wata bakwai, Nabawiyya ta sayo zare mafi kyau a kasuwa ta soma. Buri ɗaya gare ta a duniya: ta ga jikanta ya girma har rigarta ta yi masa kaɗan. Wata rana da hantsi tana zaune bakin taga, Tahani ta shigo ta ga farin zare a cinyarta, ta tsaya cak.

"Mama, na wa ne wannan?"

"Na ɗan Fir'auna ne. Na wa kike tsammani?"

Tahani ba ta yi dariya ba. Ta zauna da ƙyar ta ce, "Hajja Atiyat ta ce wannan karon kayan roƙo za a sa masa. Tsofaffi, daga gidaje bakwai da 'ya'yansu suka rayu. Don ido ya wuce shi."

"To, madalla da surukarki. Ku shiga gidan Ihsan, da gidan Ummu Ragab. Duk suna da rigunana a akwati."

"Ba a lungun nan za a roƙo ba, Mama."

"Don me?"

Tahani ta sunkuyar da kai. "Don duk abin da ke lungun nan hannunki ne."

Nabawiyya ta ajiye kwarashin. "Atiyat ce ke magana, ko ke?"

"Uku na binne, Mama. Ban ce ke ce ba. Wallahi ban ce ba. Amma idan na ga farin zaren nan, ƙirjina ke tsinkewa. Ki yi min rai."

Da Atiyat ce ta faɗa, da an ji su har kan kwana. Amma 'yar da ta goya da kwarashin nan ce ke roƙonta, don haka ta naɗe aikin ta tura ƙarƙashin matashi ta ce, "Tashi in zuba miki shayi."

Aka haifi mace. Ranar suna Nabawiyya ta je hannu rabbana, ta zauna can gefe kamar baƙuwa. Aka fito da jaririya a rariya cikin wata tsohuwar riga da ta koma ruwan ƙasa, wuyanta ya saki, an yi mata faci da zaren da bai dace ba. Hajja Atiyat na riƙe da turmi tana ta cika baki.

"Daga wani ƙauye bayan Samannud na samo ta. Yara tara suka sa ta, taran nan na nan da ransu, har da mai tuƙa babbar mota! Matar ta ce kakar mijinta ce ta sayo ta a Iskandariyya." Ta kalli Nabawiyya ta gefen ido. "Ba kyau ake nema ba, Ummu Tahani, hannu mai albarka ake nema."

Aka buga turmi, mata na ihu, "Ki ji maganar uwarki! Kada ki ji ta ubanki!" Tahani ta tsallake rariya sau bakwai. Da aka gama, sai aka miƙa wa Nabawiyya jikarta, don dai kada a ce an hana ta. Ta karɓa. Yatsan da ya shekara arba'in yana aiki ba ya neman izini. Ya zame zuwa hammatar hagu ya ƙirga da kansa, ya sake ƙirgawa. Ganye biyar.

Iskandariyya! A bakin tagarta aka saƙa rigar nan, Allah kaɗai ya san wa ta yi wa, da hannuwa nawa ta bi kafin ta kai ƙauyen. Yara tara. Maganar ta taso mata har maƙogwaro, kuma da ta fito, da Atiyat ba ta ƙara ɗaga kai a lungun nan ba. Sai Nabawiyya ta ɗago ta ga Tahani na dariya, dariyar da rabonta da ita shekara shida. Ta san idan ta buɗe baki, kafin ta rufe an tuɓe rigar, dariyar kuma ta tafi.

"Ke da kika san saƙa," in ji Atiyat, "ya kika ga aikin?"

"Ba laifi," in ji Nabawiyya. "Mai shi ta yi ƙoƙari."

Yarinyar ta rayu. Sabah sunanta, yanzu shekararta huɗu, ta fi kowa ƙiriniya a lungu. Kuma rayuwarta ce ta gama da kakarta, don kowa ya ce ga shaida nan tana gudu da ƙafafunta: an raba ta da hannun Nabawiyya, ta tsira. Masu ciki suka daina hawa matakalarta. Matan da ta suturta 'ya'yansu, 'ya'yan suka girma suka yi gemu, su ne yau ke sauya hanya idan sun hango ta da zare. Ban san abin da ya fi wannan rashin kunya ba.

Bara ta yanke shawarar faɗa wa Tahani asalin rigar. Yarinya ta yi ƙwari, me kuma ya rage? Ta yafa baƙin mayafinta ta nufi gidan Tahani da maganar a bakinta. Ta tarar da ita a tsakar gida tana shanya tsohuwar rigar a hankali, kamar wadda ke taɓa Alƙur'ani.

"Wata uku ne, Mama," in ji Tahani, ta dafa cikinta. "Ba na jin tsoro wannan karon. Muna da rigar."

Nabawiyya ta dubi hammatar hagu tana ɗigar ruwa.

"Ki shanya ta a inuwa," ta ce. "Rana na cin zare."