Zakaran Baba a Ƙarƙashin Kwando

A gidanmu na Ƙauyen Alu, tun akwai sauran gonaki a bayan unguwa, ba a kashe murhu don an sauke tuwo. Iya, kakata ta wajen uba, takan jawo kujerarta kusa da garwashi, ta jera mana ɗanyar masara, mu kewaye ta. A lokacin kajinta sun shige akurki, sai ɗan motsinsu muke ji. Duk wake-wake ne, baƙi da fari, kuma ta san halin kowace.

Ni ne jikan da ba ya sakin jiki. Saura suna dariya, ni ina leƙa akurki ko an rufe, ina duba ko tartsatsi zai faɗa wa zaninta.

"Wannan miji nawa," takan ce, "kai da za ka tsare ni, ni nake tsaronka. Zauna, Sani. Duniya ba za ta tashi kafin masara ta gasu ba."

Sai ta ce, "Ga wata nan tafe, ku ba ta wuri." Mu ce, "Ta zauna mu ji."

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta garin kaji. Wai wata rana da yamma wani baƙon zakara ya iso ƙofar gari, mai jan toro, mai ladabi, sai dai yana ɗan atishawa. Tsohuwar kaza mai tsaron ƙofa ta ce ya zauna a soro, a kai masa tsaba da ruwansa daban har a ga yadda jikinsa zai yi. Gari ya ɗauki surutu. Baƙo rahama ne, ina aka taɓa barin baƙo a soro? Aka ture tsohuwa, aka shigo da shi, aka ba shi kaskon da kowa yake sha. Ita kuwa ta tattara 'yan tsakinta ta koma ƙarƙashin rumbu. Kafin wata ya mutu, babu mai cara a garin. Su kaɗai suka rage.

Na tambaye ta, "Iya, mugu ne zakaran?"

"Mutumin kirki ne. Shi ma bai san abin da ya ɗauko ba."

"To wa za a hukunta?"

"Ci masararka," in ji ta. "Ta ƙare a nan, mai sauran tambaya ya je ya tashi kaza."

Na kwanta da haushi. Tatsuniyar da babu wanda za a doka a cikinta ba ta yi mini daɗi ba.

Iya ta rasu, na ci gadon kaza ɗaya daga cikin nata. Yau ina ɗinki a Gyaɗi-Gyaɗi, muna haya ni da matata Hadiza, kuma a ɗan lungun bayan ɗakinmu na ci gaba da riƙon irin. Sun yi ta hayayyafa da wasu kajin da na saya, kamannin suna ɓacewa, har ya zama saura guda mai ainihin zanen na Iya. Wake muke ce mata. Kaskonsu kullum sai na wanke, in dawo in sake dubawa ko na wanke da kyau.

Da daminar bana surukina, mahaifin Hadiza, ya zo daga ƙauye ganin likitan ido. Ya sauko daga adaidaita sahu da zakara a hammata.

"Ga shi, Malam Sani. Na ji ba ka da na kirki. A mota ma 'yan kasuwar kaji sai tayawa suke, na ce na ɗana ne."

Na durƙusa na karɓa da hannu biyu. A nan na ji shi: wani ɗan kakari a maƙogwaro, da danshi a hanci. Na kai shi soro, na kifa masa kwando, na ɗora dutse, na sa masa ruwa a gwangwani.

Hadiza ta same ni a can, ta rage murya. "Kyautar Baba ce ka kife kamar an kama ɓarawo? Ta nan zai bi ya tafi masallaci."

"Mura yake yi."

"Kai ai ko ƙuda ya yi tari sai ka ji."

Na roƙe ta ta bar shi a kife, na tafi shago. Ranar sau biyu ina farke ɗinki ɗaya. Da na dawo bayan la'asar, kwando yana jingine da bango. Zakara yana tsakiyar kajina, bakinsa cikin kasko, Wake tana gefensa tana sha.

Baba yana kan tabarma yana murmushi. "Na ga an manta bawan Allah a kife, na sake shi. Ka ga har ya saba."

Na so in yi magana. Amma suruki ne, furfura ce, alheri ya yi nufi. Na sunkuyar da kai na ce, "An gode, Baba."

Bayan ya koma gida, abin ya fara. Atishawa, majina, ido ya kumbura, kaza ta tsaya a lungu tana buɗe baki tana neman iska. Kowa ya zama likita. Wannan ya ce barkono a ruwa, wancan ya ce in fasa musu kafso. Maƙwabcina ya ce, "Kwashe su ka kai kasuwa tun suna tsaye." Na ce in kai wa wani abin da aka kawo mini? Na buga ƙofar Maman Joy, 'yar Filato da muke katanga ɗaya, na ce ta kulle nata. Ita kaɗai ta ji maganata ba gardama.

Likitan dabbobi da na samu a Tarauni bai ɓoye mini ba. Ya ce in ware marasa lafiya, in wanke akurki da kasko, in binne wadda ta mutu da zurfi kada in jefa a kwata, in riƙa wanke hannu da takalmi. Ya ce rigakafi kafin ciwo ake yi, kuma baƙon kaza sai ya yi mako biyu a ware. Duk na yi, ina yi ina haƙa rami. Zakaran ma ya bi su.

Wake ce kawai ta tashi, da ido ɗaya a shanye. Likita ya ce wadda ta warke tana iya ɗauke da ciwon, don haka yanzu ita ce a ƙarƙashin kwandon.

Shekaranjiya Baba ya kira ya yi mini jaje. Ya ce kada in damu, ya riga ya zaɓar mini wani zakaran, zai ba direba ranar Juma'a. Hadiza tana kallona. Na ce, "Baba, a yi mini aikin gafara. In ya zo, a kwando zai zauna mako biyu."

Can ya ce, "To."

Tun ranar nake juya wannan "to" ɗin, ban gane ko na yarda ne ko na ɓacin rai ba. Da ina yaro na ɗauka wahalar tsohuwar kazar nan ita ce gane ciwo. Ashe gane ciwo ba wuya. Wuyar ita ce ka dubi mutumin kirki ka ce masa ya tsaya a soro. Iya ba ta taɓa gaya mana ko an ci gaba da gaisawa da tsohuwar ba, kuma babu wanda zan tasa in tambaya. Na dai sayo kwando na biyu, na nemo dutsen da ya fi na da nauyi.