Tocilar da Umma ta saya mini

Shekarun baya, ina injiniya a wani kamfanin robobi a Sharaɗa, manajanmu ya kira ni ofis. Ya ce yanzu kwamfuta ce ke juya injinanmu, kuma an haɗa ta da intanet, mugu yana zaune a wata ƙasa zai iya tsayar da su ko ya ƙona su. Masu kamfani suna son wanda yake da takardar shaidar ƙwarewa kan tsaron irin waɗannan na'urori. Ko in ci jarrabawar samun takardar, ko a kawo wani daga Legas ya hau kujerata.

Na koma gida Na'ibawa. Na gaishe da mahaifiyata na ce, "Umma, a sa ni a addu'a. Za a mayar da ni ɓangaren tsaro, amma sai na ci jarrabawa."

Ta ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ni ne ɗan farinta, ko sunana ba ta faɗa, balle ta tsare ni da tambayoyi. Ni kuma sarkin iyayi, na ɗauka ta gane.

Na duƙufa karatu. Wata rana na tarar da sabuwar tocila a ƙofar ɗakina, daga baya rigar sanyi da maganin sauro. Na ce a raina, Umma ta ga ana yawan ɗauke wuta.

Ana gobe jarrabawa ina alwala a tsakar gida, sai na jiyo ta tana yi wa maƙwabciyarmu magana ƙasa-ƙasa: "Hajiya, duk karatun nan, yaron nan gadi aka mayar da shi. Wai gadin ma sai da jarrabawa! Amma ban nuna masa ba, kada ya karaya. Ai sana'a ce, ba sata ba."

Dariya ta zo mini, hawaye ya riga ta. Ashe duk tsawon lokacin nan tana haɗiye baƙin ciki, tana roƙa mini Allah in ci jarrabawar zama maigadi.

Na ci, alhamdu lillahi, kujerata ta tsira. Na kai mata takardar, na zauna na yi mata dogon bayani cewa ɓarayin nan ba katanga suke haurawa ba, ta waya suke shigowa, ni kuma aikina in toshe musu hanya.

Har yau in na tuna, godiya nake yi wa Allah da ya ba ni uwar da ta tsaya mini a lokacin da take zaton na faɗo. Tocilar tana nan a kan teburina na ofis, saboda abin da ta ce da na gama bayanin. Ta juya takardar, ta dubi bango maimakon fuskata, ta ce, "To ai gadin ne dai. A riƙe tocilar."