Yadda Sale Mai Walda Ya Zama Burgu

Kakata Iya ta makance tun kafin in yi wayo, amma kunnenta ya ishe ta zaman duniya. Lokacin kaka, in an ci tuwon magariba, takan zauna a bakin murhu da ƙwaryar gyaɗa, mu da yaran maƙwabta mu kewaye ta. Sharaɗinta ɗaya: wanda ba ya ɓarar gyaɗa ba zai ji tatsuniya ba. Ƙauyenmu a gefen Bici yake, gida jikin gida, don haka abin da Iya ta faɗa da yamma, kafin hantsi ya kai bakin rijiya.

Kakanmu Malam ya rasu ya bar wa Baba wani tsohon babur. Ba ya gudu, amma yana da murya mai kauri, ƙasa-ƙasa, wadda da ita Iya take sanin mijinta ya dawo. Bayan rasuwarsa ma, in ta jiyo Baba tafe, takan dakata da aiki har sai ya kashe. Ƙarshen wata damina tsatsa ta huda salansar, babur ya koma ihu kamar injin niƙa. Baba ya kai wa Sale mai walda ya liƙe. Sale ya ce a bar babur ya kwana. Washegari ya ce salansar ta ruɓe, ya jefar, ga wata sabuwa ya ɗaura.

Da Baba ya shigo, Iya ta ce, "Babur ɗin wa ka aro?"

"Namu ne, Iya. Salansa aka sake."

"To gwangwani aka ba ka."

Ba a yi mako biyu ba, wata la'asar wani babur ya wuce ta bayan danga. Iya ta miƙe tsaye har ƙwarya ta kife. "Ga Malam nan," in ji ta. Na leƙa da gudu. Surukin Sale ne a kan tsohon babur irin namu, ga salansarmu an liƙe ta tsaf, an shafe da baƙin fenti. Baba ba ya son rigima, amma ya je ya yi magana. Sale ya yi dariya ya ce, "Yanzu makauniya ce za ta ba da shaida?" Baba ya dawo ya faɗa mata. Ranar ba ta ci tuwo ba.

Kashegari da muka taru ta ce, "Yau sabuwa fil na zo muku da ita, ku matso."

Wai ruwan damina ne ya dusar wa Zakara murya, ya cire ta ya kai wa Burgu, maƙerin dawa, ya gyara. Burgu ya ce ta ruɓe, ya ba shi ta gwangwani, ya miƙa ta gasken ga surukinsa Ungulu. Da asuba sai ga cara daga mahauta. Kowa ya ce zakara ne, sai tsohuwar Kaza, wadda ƙaiƙayi ya kashe wa ido, ta ce, "Muryar mijina ce a wuyan maci mushe." Dabbobi suka tara kara a bakin ramin Burgu suka cinna wuta. Iya ta daɗe a wannan wurin, tana hura garwashi tana kwaikwayon tarinsa, mu kuwa muna ta kyakyata dariya. Ta koya mana waƙar da aka yi masa: "Burgu, Burgu, ina muryar Zakara? Fito da ita ko hayaƙi ya fito da kai."

Ba ta ambaci sunan kowa ba. Amma ranar kasuwa muka wuce ta gaban rumfar Sale da tallanmu, tartsatsi na tashi, wata a cikinmu ta ɗauko waƙar, muka amsa. Ni ce na fi kowa ɗaga murya, kuma na ji daɗi ƙwarai. Kafin a gama sussuka, har manya sun koma cewa "kai wa Burgu", masu babura kuma ba mai yarda abin hawansa ya kwana a wurinsa.

Sale da kansa ya kawo salansar a buhu, ya ɗaura a tsakar gidanmu. Baba ya tayar. Iya ta saurara, hawaye na zuba, sannan ta ce a kashe.

Sale ya durƙusa. "Iya, don Allah a hana yaran nan."

"Ni makauniya ce," in ji ta. "Ina zan ga yaran da zan hana?"

Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar shi ne kada a ci amana. Sai da na girma na yi aure a Bacirawa na gane cewa mu ne karan da Iya ta tara a bakin ramin, kuma ba ta taɓa nufin a kashe wutar ba.

Bara na je gida, na tarar da jama'a a kan hanyar maƙabarta. Na tambayi mai babur ɗin da ya ɗauko ni wa ya rasu. Ya ce, "Burgu mai walda ne, Hajiya." Na ce masa meye sunansa na gaskiya. Ya yi tunani ya ce bai san yana da wani ba. Na ce Allah ya jiƙansa, kuma da gaske nake. Amma na lalubi tausayinsa a zuciyata har muka isa ƙofar gida, ban samu ba.