Keken Holan da keken Baba

Jiya ina riƙe wa Baba waya a tsakar gida, yana kallon bidiyon da Yaya Bulus ya turo daga Holan, inda ya je kwas.

Ga Yaya a kan keke, yana bin wata siririyar hanya a bakin teku. Ya tsaya ya nuna shanu, ya nuna gonar dankali. Wai bai taɓa samun natsuwa irin wannan ba, mutanen can sun san darajar ƙauye.

Shi ne fa ranar bikin kammala karatunsa a Samaru ya roƙi Baba ya jingine kekensa can nesa, kada abokansa su gani. Bara Baba ya kira shi su zaga gonarmu ta Shika tare kafin ƙafafunsa su gaza, Yaya ya ce aiki ya yi masa yawa.

Baba ya sa na maimaita bidiyon, sannan ya ce, "Ladi, ashe yana son gona?"

Na ce, "Ta Turawa, Baba."

Ya yi kamar bai ji ba. "Ki faɗa masa masara ta yi kyau bana. In ya dawo, ga kekena."

Na tura saƙon. Yaya ya karanta, sai kawai ya ɗora sabon hotonsa yana shan iska a kan yashi. Yau da safe Baba ya tura keken wajen mai gyara.

Ku da kuka fi ni haƙuri, me zan ce wa tsohon nan?