Kan Batir a Mahaɗar Kawukudi

Jiya da rana mota ta mutu mini a tsakiyar mahaɗar Kawukudi, muna hanyar asibiti, Mma na kwance a baya tana numfashi da ƙyar. Na murɗa makulli, shiru. Ko fitila ɗaya ba ta kama ba. Direbobin motocin haya na trotro sai hon suke, wani na ihu, "Hajiya, ture ta mana!"

Nan na tuna Kawu, yayan Mma, wanda ya bar mana motar. Kullum da safe a ƙofar gidanmu a Nima yakan ɗaga murfin inji, goro a baki, rigarsa na warin baƙin mai. Wata rana ya kama hannuna ya ɗora a kan batir, ina ƙyamar farin garin da ya taru a wurin. Ya ce, "Ɗiyata, in ta yi shiru gaba ɗaya, nan za ki fara dubawa."

Na fita ina kuka. Na ɗaga murfin, na ga wayar kan batir ta yi sako-sako. Na cire takalmina na bubbuga ta har ta zauna, yadda yake yi. Motar ta tashi.

An kwantar da Mma, likita ya ce mu jira. Tsoro bai sake ni ba. Kawu, Allah ya haskaka kabarinka, ya bar mini ƙanwarka.