Ranar da Umma ta tara 'yan gidan Doki

Ummata ba ta taɓa yarda akwai mutumin da ba shi da dangi ba. A wurinta, in ka ce ba ka da kowa a gari, to cigiya ce kawai ba ka yi ba. Ban ga laifinta ba kuwa. Kakanta da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa, ya biyo ta Sudan ya zo hajji, ya zauna a Jidda. A nan aka haife ta, a nan ta haife mu. Mu Hausawan Jidda in muna neman ɗan'uwa, sunan gida muke kai wa mata masu kasa kaya a Bab Makka, gidan masu rini ne ko gidan wanzamai, sai mu koma mu ɗora tukunya. Ba a daɗewa wani zai buga ƙofa ya ce kakarsa da kakarka nono ɗaya suka sha. Ta haka Umma ta tono 'yan'uwa har suka yi mana yawa.

A lokacin ina aiki a sito na wani kamfanin tayil a unguwar masana'antu ta Jidda. Mai dafa mana abinci wani Basine ne, wato ɗan ƙasar Sin, Musulmi, gajere, mai farar hula. Da hannu yake ja taliya, ya miƙe ta ya naɗe, ya buga a tebur, yana 'yar waƙarsa ta hanci wadda ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Larabcinsa gurgu ne, nawa Sinancin kuwa babu shi sam, amma muka shaƙu. Wata Juma'a na ja shi gidanmu a Madain Fahd ya ci tuwo.

Ko hannu bai gama wankewa ba Umma ta kafa masa kujerar tambaya. Ta ce da ni, "Tambaye shi ɗan gidan wa ye."

Na tambaye shi da Larabci. Ya ce sunan gidansu Ma.

"Shi ke nan sunan? Ya ƙare?"

Na ce ya ƙare, Umma.

"Kai, sun iya tattali. Me yake nufi?"

Ya goge hannu ya yi mana kwaikwayon sukuwa da yatsu a kan tabarma. Doki ke nan. Umma ta gyara zama, fuskarta ta washe. "Ashe ɗan babban gida ne! Gidan Doki! Shi ya sa na ga yana da kunya." Bawan Allah ya yi ta rantsuwa shi bai taɓa hawa doki ba, ko jaki ma sau ɗaya ne kuma ya kayar da shi. Umma ta ce ai haka arziki yake, ya sauka a gida ya tashi. Daga ranar bai sake jin wani suna a bakinta ba sai ɗan gidan Doki, shi kuma yana ce mata Hajja.

Wata safiya na shiga kantin cin abinci na ji shiru. Taliya na nan, waƙa babu. Na ɗanɗana romon na ji gishiri kamar daga teku ya ɗebo ruwan. Na zagaya bayan kanta na ce lafiya? Ya ce mahaifiyarsa ta rasu shekaranjiya, an riga an binne ta. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, tana wurin sabuntawa, ba halin fita, ko da ma ya fita ba zai tarar da komai ba sai kabari. Ya faɗa mini haka yana yanka albasa, idonsa a bushe ƙarau. Na ce wa ya yi maka ta'aziyya? Ya ce, "Kai."

Da na faɗa wa Umma, sai da ta ajiye carbi. "Innalillahi! Uwa ta mutu, ɗa yana can yana yanka albasa? Babu wanda ya zauna kusa da shi? Kai kuma da kake abokinsa ka ci taliyarka ka goge baki ka taho?"

Na ce, "Umma, to ya zan yi? Ba shi da kowa a nan."

Wallahi da na sani da ban furta wannan kalma ba. Ta miƙe tana neman abayarta. Ta ce mutum ba ya karɓar gaisuwar uwa shi kaɗai, sai da 'yan gidansu a gefensa, kuma gida mai suna irin wannan ba za a rasa ko mutum ɗaya nasu a Jidda ba. Na ce, "Umma, ƙasar Sin fa ba unguwarmu ba ce." Ta ce, "Kai dai tsaya a kan ƙidayar tayil ɗinka. Yalla, kai ni Bab Makka."

A Bab Makka akwai gwaggona, ƙanwar mahaifinmu, mai sayar da turaren wuta da yaji a bakin layin 'yan yadi. In kana so magana ta zaga Jidda, gaya mata ka ce sirri ne. Umma ta zauna a kan buhunta ta ba ta saƙo: duk Basinen da ya wuce, a tare shi a tambaye shi ko shi Ma ne. In ya ce e, a gaya masa uwar ɗan'uwansa ta rasu, ya zo Madain Fahd ranar Juma'a bayan La'asar. Gwaggo ta ce halas, an gama. Kafin mu bar kasuwar na hango ta ta riƙe hannun rigar wani mai sayen dardumar sallah tana tambayarsa da Larabci, "Inta Ma?" Mutumin ya zaro ido ya gyaɗa kai. Umma ta dube ni ta gefen ido. Ni dai na ce a raina sa'a ce.

Shi kuwa abokina abin da na gaya masa kawai shi ne Hajja za ta yi wa mahaifiyarsa sadaka, ya zo. Na zaci mutum ɗaya ko biyu za a samu, mu sha shayi a watse.

Ranar Juma'a, tun ba a gama sallame La'asar ba aka fara buga ƙofa. Na buɗe, ga mutum biyu da fararen huluna, sun ce su Ma ne. Na shigar da su. Ban koma na zauna ba aka sake bugawa. Ma. Sai ga wasu 'yan kasuwa daga wajen tashar jirgin ruwa, Ma. Sai ɗalibai, Ma. Sai wata ƙaramar bas ta masu umara da suka sauko gari sayen tsaraba, direban ɗan unguwarmu ne, ya leƙo ta taga ya ce, "Ga su nan, duk Ma ne, na tambaya ɗaya bayan ɗaya." Takalma suka cika ƙofa suka gangara matakala. Muka aro kujeru daga maƙwabta, muka shimfiɗa tabarmi har soro. Umma tana leƙowa daga madafi tana ta "Masha Allah, masha Allah, gida ya yi albarka!" Ni kuwa gumi har cikin takalmi.

Ana cikin haka sai ga mai makokin da kansa, da ledar lemo a hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daskare. Ya dube su, suka dube shi. Babu wanda ya san wani. Ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Su wane ne waɗannan?" Na ce, "Danginka ne, in ji Hajja." Na ga kunnuwansa sun yi ja. Ya juya zai ɗauki butar shayi ya fara hidima, don abin da ya iya ke nan, Umma ta fito ta ƙwace. "Mai makoki ba ya zuba shayi. Zauna nan." Ta zaunar da shi a tsakiya, ta shiga rabon muƙami. Wani dattijo mai siririn gemu ta ce shi ne baffa, ya zauna a dama. Wani mai tumbi ta ce wannan da gani yayansa ne, dubi goshin.

Dattijon nan ya yi karatun allo irin nasu, Larabcinsa na littafi ne, tsaf-tsaf. Shi ya yi ta maza ya ce, "Hajja, Allah Ya saka da alheri, amma mu ba dangin juna ba ne." Ya yi mata bayani dalla-dalla, ina cike mata da Hausa inda ya yi zurfi. Ya ce a rubuce sunan doki yake nufi, gaskiya ne, amma Musulminsu na da can sun ɗauke shi ne don ya yi kama da farkon sunan Manzon Allah. Shi ya sa ya cika yankunan Musulmi na arewa maso yamma, Gansu da Ninshiya da Cinhai, har suna da karin magana cewa in ka tara Musulmi goma, tara Ma ne. Ya ce shi kansa daga Yunnan yake, can kudu, tsakanin garinsu da garin mai makoki, da ya ji daga arewa maso yamma yake, kamar daga nan ne zuwa Sham.

Umma ta saurara har ya dire. Sai ta ce, "Sallallahu alaihi wa sallam. To ai ka ƙara ɗaure maganar. Batun nisa kuwa, kakana daga inda ya taso ya fi Sham nisa, ga mu nan kuma ba mu daina zama 'yan gidanmu ba. Yawo kuka yi, haihuwa kuma Allah Ya ba ku."

Dattijo ya nuna wani mai gilashi da ke takure a lungu ya ce, "Wancan ma ba Musulmi ba ne, Hajja. Injiniya ne. Akwai masu sunan da yawa da ba Musulmi ba." Mai gilashi ya miƙe yana ba da haƙuri, shi dai wata mata ce ta tare shi a kasuwa ta ce uwarsu ta rasu, ya ga bai kamata ya ƙi zuwa ba. Umma ta ce, "Wane gida ne ba shi da wanda ake yi wa addu'ar shiriya? Zuba masa shinkafa, ka sa masa nama."

Aka yi dariya, aka yi addu'a, kowa ya zo ya riƙe hannun abokina ya faɗi abin da ya faɗa. Amma ni ina kallonsa. Yana zaune a sandare, yana murmushin baƙo, yana gode wa kowa kamar shi ya yi laifi. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata mun tara masa jama'a mun ƙara masa kaɗaici, mun kuma kunyata shi a gaban mutanen ƙasarsu. Har na fara shirya faɗan da zan yi da Umma in an watse.

Sai ƙamshin mai ya taso daga madafi, don Umma ta fara suyar funkaso. Dattijon ya ɗaga hanci, ya miƙe ya ce a nuna masa wurin alwala. Da ya gama, bai dawo tabarma ba, madafi ya nufa kai tsaye yana naɗe hannun riga. Umma ta saki ihu. "La'ilaha! Namiji a madafina? Ko uban 'ya'yana bai taɓa tsallaka nan ba!" Ya roƙe ta fulawa da mai. Ya ce a wurinsu in an yi rasuwa sai an soya wata gurasa a gidan, mai suyar ya kasance da alwala, ƙamshin man ya tashi, a raba wa mutane. In ba a yi ba kamar ba a yi komai ba ne. Umma ta matsa masa da kaskon. Amma ba ta fita ba, tana tsaye a kansa tana cewa wutar ta yi yawa.

Gurasar farko ta shiga mai ta kumbura. Abokina ya tashi ba tare da kowa ya kira shi ba, ya zo ya tsaya a ƙofar madafi. Ya daɗe yana kallon kaskon. Sannan ya faɗi wata magana da yarensu, murya ƙasa-ƙasa. Dattijo ya miƙa masa wuƙa. Ya ɗauki ƙullin na gaba ya faɗaɗa shi a tafin hannu, ya tsaga shi sau biyu a tsakiya. Daga baya ya gaya mini abin da ya ce: mahaifiyarsa takan yi tata ta fi wannan faɗi, kuma ba ta taɓa mance tsagar ba.

Ya sa ta a mai. Ya durƙushe a nan ƙasan madafin Umma ya fashe da kuka, kuka irin na yaro, da majina da komai. Dattijon da bai taɓa ganinsa ba sai yau ya rungume kansa. Mai tumbi ya zo ya dafa shi. Har injiniya ya cire gilashi yana goge ido. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Umma ta tsame gurasar kafin ta ƙone, ta share hawayenta da gefen mayafi, ta dube ni ta ce, "Ba shi da kowa, ko?"

Aka raba gurasar, suka koya mana ba a gatsa sai dai a yaga da hannu. Umma ta ce gishiri ya yi kaɗan, amma ta ci biyu.

Shekaru sun shuɗe, na bar sito, shi ma ya buɗe ɗan shagon taliyarsa. Da Allah Ya yi wa Umma rasuwa, muka jera kujeru a ƙofar gida kamar yadda ake yi a nan, 'yan gida a tsaye a sahu guda, masu gaisuwa suna bi suna wucewa. Sai ga shi ya zo da faranti lulluɓe da tawul, ƙamshin mai yana binsa, bayansa mutum huɗu masu fararen huluna, har da mai tumbin nan da furfura ta fara cin kansa. Ba su bi layin masu gaisuwa ba. Ya miƙa farantin ciki, suka zo suka tsaya a gefena, a sahun 'yan gida, suna miƙa hannu suna amsa "Allah Ya jiƙan ta."

Wani sabon maƙwabci ya matso kunnena ya ce, "Waɗannan kuma fa?"

Na ce, "'Yan gidan Doki ne. Dangin Umma."